Masassaƙan Bagudo Da Makomar Gizago

Duk wanda ya zaga kasuwannin Ƙaramar Hukumar Bagudo, tun daga Zagga da Ka'oje har zuwa Illo da Lolo a bakin iyakar Jamhuriyar Benin, ba zai rasa ganin rumfar masassaƙa ba. Ga turmi da taɓarya, ga akushi da muciya, ga allon almajirai, ga ƙotar fartanya da filafilin tuƙa jirgi, har da ƙwaryar molo da sandarsa wadda makaɗi ke taka tsirkiya a kanta. Waɗannan kaya ba daga wata masana'anta suka fito ba. Daga zaurukan gidaje suka fito.

Yawancin irin waɗannan sana'o'i da wasa suke farawa. Manomi ne zai zauna da rani, bayan an kawar da amfanin gona, ya gyara ƙotar gatarinsa don kada ya zauna hannu rabbana. Maƙwabci ya gani ya yaba, ya ce a yi masa irinta. Bana kyauta, baɗi a ba shi na goro, baɗin baɗaɗa kuwa sai ga shi da kaya a kasuwa. Kafin a jima babban ɗansa ya iya riƙon gizago, ƙanensa na goge kaya, uwargida na ajiyar kuɗi. Da yayyafi kogi kan cika. Abin da ya fara da sha'awa ya zama abin da ke ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya, ya kuma hana samari tafiya cin rani.

Amma wannan sana'a tana tsaye ne a kan ƙafa biyu, itace da kasuwa, kuma dukansu sun yi rauni.

Itacen sassaƙa ba kowane itace ba ne. Ƙirya ake nema don turmi, aduwa don allo, maɗaci don jirgin ruwa. Itatuwa ne masu ɗaukar shekaru da yawa kafin su isa sara. Masassaƙi kan sari ɗaya ya yi makonni yana aiki da shi, alhali masu gawayi da masu injin yanka katako sukan share daji cikin 'yan kwanaki. Abin da ya sami maɗobiya ya isa darasi. An yi ta lodinta daga Nijeriya da Benin zuwa ƙasar Sin don yin kujeru da gadaje, har sai da yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido a 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. Kawo da maɗaci ma sun shiga wannan jeri bayan taron 2022. Ribar ta tafi ƙasashen waje, masassaƙin ƙauye kuwa aka bar shi da kututture.

Kasuwa ma haka. Mutanen Illo da na Segbana da Malanville 'yan uwa ne, harshensu da cinikinsu sun girmi iyakar da Turawa suka shata. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, masu fasa-ƙwaurin shinkafa aka nufa, amma mai turmi uku a bayan babur shi ma ya ji a jikinsa. Ga kuma kayan roba da injin niƙa suna rage masa masu saye.

Saboda haka ya wajaba Gwamnatin Jihar Kebbi da Ƙaramar Hukumar Bagudo su ɗauki mataki. Da farko, a keɓe filayen dasa ƙirya da maɗaci da aduwa, a damƙa kulawarsu a hannun hakimai da shugabannin masassaƙa, a kuma ƙarfafa ma'aikatan gandun daji don su bambanta mai gizago da mai gawayi. Na biyu, hukumar SMEDAN, wadda aka kafa a 2003 domin ƙananan sana'o'i, da Bankin Masana'antu, su sauko daga birane su kai ƙaramin rance ƙauyuka ta hannun ƙungiyoyin gama kai, ba tare da tarin takardun da ke korar talaka ba. Na uku, jami'an bakin iyaka su daina ɗaukar kayan sassaƙa tamkar haramtattun kaya.

Su ma masassaƙa akwai nauyi a wuyansu. Wanda ya sari itace ɗaya ya dasa biyu, ya kuma sa ɗansa makaranta ko da yana koya masa gizago, domin sana'ar da ba ta san lissafi ba, ba ta wuce zaure.

Ana yawan jawabi a kan dogaro da kai. To, ga masu dogaro da kai nan a Bagudo, ba su jira kowa ba suka fara. Abin da suke bukata shi ne a bar musu daji da hanya. Idan aka yi sake har itatuwan suka ƙare, babu rancen da zai mayar da su, domin kuɗi ba ya tsirar da ƙirya a dare ɗaya.