Kuɗin cizo a Daura: Maganin da ake yi a ɓoye ya fi ƙwaron haɗari

Idan bazara ta kama a Daura, ba wuya mutum ya ga katifu jingine da bango a tsakar gida, ko ƙafafun gado a rana ana kwarara musu tafasasshen ruwa. Da za a tambayi matar gida dalili, sai ta ce shan iska ake ba su. Kowa ya san ba haka ba ne. Kuɗin cizo ne, wanda wasu ke kira gazunzumi, ƙwaron da ake fama da shi a gidaje da yawa amma ba a ambatar sunansa a gaban baƙo.

Wannan ɓoyon shi ne babbar matsalar. A ƙarshen 2023 ƙwaron ya tayar da hankalin birnin Paris ana shirin wasannin Olamfik na 2024, har wata 'yar majalisa, Mathilde Panot, ta shiga zauren majalisar dokokin Faransa da shi a cikin 'yar kwalba. Kafin nan hukumar ANSES mai kula da lafiyar muhalli a ƙasar ta bayyana cewa fiye da gida ɗaya cikin goma ya yi fama da shi tsakanin 2017 da 2022, kuma ba ta ga wata alaƙa tsakanin samun mai gida da shigar ƙwaron gidansa ba. Wato bai san talaka ba, bai san attajiri ba. Jini yake nema, ba datti ba. A ƙasar Hausa kuwa har yanzu shaidar ƙazanta ake ɗaukarsa, shi ya sa ma'aikacin da ya kwana yana susa zai je ofis ya ɗora wa sauro laifi.

Ƙwaron ba ya tashi, ba ya tsalle. A jakar matafiyi da ɗinkin katifa da kayan gwanjo yake tafiya, don haka inda zirga-zirga ta ƙaru nan yake samun hanya. Daura ta yau ba ta shekara ashirin baya ba ce. An kafa mata Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri, ɗalibai da ma'aikata daga sassan ƙasa suna kama ɗakunan haya, wani ya fita wani ya shiga, sau da yawa a kan katifar da na baya ya bari. Ga kasuwar Mai'aduwa da ke tara fatake mako-mako, ga iyakar Kwangwalam da ke haɗa masarautar da Jamhuriyar Nijar. Duk wannan alheri ne ga kasuwanci, sai dai kaya ba ya tafiya shi kaɗai.

A iya sanin likitoci, kuɗin cizo ba ya yaɗa cuta daga mutum zuwa mutum kamar yadda sauro ke yaɗa zazzaɓin maleriya. Ɓarnarsa ta wata fuska ce. Yana cizo da dare, sau da yawa a jere, wurin ya yi ja ya kumbura. Yaro ya yi ta susa da farce har ya zama gyambo. Inda ya yi katutu yana iya jawo ƙarancin jini ga ƙananan yara da tsofaffi. Mafi yawan abin da yake ci kuwa barci ne, kuma ɗalibin makarantar kwana ko almajirin da ya yi mako ba ya runtsawa ba ya buƙatar wata cuta kafin karatunsa ya lalace. Macen tana iya yin ɗaruruwan ƙwai a rayuwarta, suna ƙyanƙyashewa cikin kwana goma ko ƙasa da haka, babban kuma yana iya yin watanni a tsagar bango bai sha jini ba. Wanda ya rufe ɗaki ya yi tafiya don yunwa ta kashe su, zai dawo ya tarar suna jiransa.

Tunda abin kunya ne, ba a neman shawara. Sai a aiki yaro ya sayo fiya-fiya. Sinadarin da ke cikinta da cikin Sniper, wato dichlorvos, maganin ƙwarin gona ne mai taɓa jijiyoyi, yana shiga jiki ta numfashi da ta fata. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantuna, amma fiya-fiyar da ake ɗurawa a kwalabe ba tambari ba ta ɓace ba. Ana yayyafa ta a kan katifar da jariri zai kwanta, a rufe taga, a koma ɗakin tun warin bai fita ba. Abin takaici, ƙwayayen da ke can cikin ɗinki sukan tsira, bayan mako biyu cizo ya dawo, mai gida ya ƙara yawan maganin.

Akwai wanda ya fi wannan muni, kuma ya fi kusa da hannu a yankin manoma irin Baure da Zango da Sandamu: ƙwayar adana hatsi irin su Phostoxin da ake sa wa a buhun wake. Da ta sha danshin iska sai ta saki iskar fosfin, wadda ba ta da makari. A watan Fabrairun 2015 a garin Fort McMurray na Kanada, yara biyu 'yan gida ɗaya sun rasu bayan an sa irin wannan ƙwayar a gidansu don kashe kuɗin cizo. Iskar tana ratsa rufi da ƙarƙashin ƙofa, ke nan a gidan haya mai ɗakuna a jere, wanda zai cutu yana iya zama maƙwabcin da bai san an sa komai ba.

Batun ya taɓa yaƙi da maleriya ma. Kuɗin cizo ya daɗe da yin taurin kai ga rukunin magungunan da ake jiƙa gidan sauro da su, kuma yana son ɓuya a ɗinkin gidan sauron. Wani nazari da masana a Jami'ar Jihar North Carolina ta Amurka suka wallafa a 2024 ya nuna cewa a wurare da dama, idan jama'a suka ga gidan sauro bai hana su cizon ƙwarin ɗaki ba, sukan yanke ƙauna su daina amfani da shi. Uwar da ta cire gidan sauro saboda gazunzumi ta sayar da zazzaɓi mai kisa da ƙaiƙayi, alhali ba wanda ya yi mata bayani ranar rabo.

Dabarar kakanni ta fi kusa da daidai, domin zafi ne ke kashe ƙwaron da ƙwansa. Wanki da ruwa mai zafin da ya kai digiri 60, guga a kan ɗinki, tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gado, sannan a toshe tsagar bango. Rana tana taimakawa ga tufafin da aka ƙulle a baƙar leda, amma ba ta ratsa katifa mai kauri. Kuma duk wannan aikin banza ne idan ɗaki ɗaya ya yi, na kusa bai yi ba.

A nan ne aikin ya wuce na matar gida. Ƙananan hukumomi biyar na masarautar suna da duba-gari, kuma hakimai da dagatai da masu unguwanni sun riga sun shiga gida-gida a lokacin rigakafin shan inna. Su ne za su iya sa masu gidajen haya su gyara ɗakunansu rana guda, a duba ɗakunan kwanan ɗalibai kafin a dawo hutu, a kuma gargaɗi masu sayar da maganin hatsi su tambayi mai saye ko buhu zai sa wa ko ɗaki.