Ku bar ce mana an wuce zamanin negatif

Akwai wata magana da ta kama bakin ƴan uwanmu ɗalibai. Da ka ambaci fim ɗin ɗaukar hoto, wanda tsofaffin masu situdiyo ke kira pelikil, sai a ce maka an wuce wurin, wai ko portabul mafi araha ta fi shi. In ka ƙara da cewa baƙi da fari ne, kuma mai jinkirin shan haske, shi ke nan, ka zama mai kwaikwayon nasaru. Ni ban yarda ba. Ina ma ganin mu mun fi nasarun bukatarsa.

Mu fara da mi ake nufi da jinkiri. A jikin fim akwai ƙwayoyin gishirin azurfa, su ne haske ke taɓawa. In ƙwayoyin manya ne, haske kaɗan ya ishe su, amma hoton zai fito da tsaki-tsaki. In ƙanana ne ƙwarai, sai sun sha haske da yawa, amma suna riƙe abin da ido ma bai lura da shi ba. Lambar ISO ce ke nuna wannan. Fim mai 400 na sauri ne, Ilford Pan F mai 50 ne, Adox CMS 20 na Jamus kuwa mai 20 ne, wato yana son haske ninki ashirin na mai 400. Kodak ta taɓa yin irinsa, Technical Pan mai 25, ta sanar da daina shi a 2004.

To, wa jinkirin nan ke damu? Mutumin Balin da ke kwana da gajimare ya tashi da shi. A Tawa fa, ko Damagaram, da hantsi? Masu hoto na da wata ƙa'ida: cikin rana tsaka, in ka sa ƙofar gilashi a f/16, saurin ɗauka daidai yake da lambar fim. Mai 20 ke nan zai so 1/20 na daƙiƙa, in ka buɗe zuwa f/8 ya koma kamar 1/80, ka ɗauka da hannu ba tare da ƙafar kamara ba. Ranar da muke tsine wa a watan Afrilu ita ce abincin wanga fim.

Amma ni abin da ya fi ci mini rai shi ne rubutu. Asalin irin wannan fim daga mikrofim yake, wanda aka ƙera don ɗaukar takardu. Mu kuwa takardu gare mu: littattafan Larabci da ajami da ke ajiye a IRSH a Yamai, da waɗanda ke cikin gafakar malamai a zauruka, gara da damina na cin su sannu a hankali. Duk wanda ya karanta ajami ya san ɗigo ɗaya ne ke raba ba da nun. A rubutun Magaribi da malamanmu ke yi, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗaya a sama. Wasalin e ma ɗigo ne ƙarƙashin baƙi. Yanzu ɗauki shafi da portabul, tura wa aboki ta WhatsApp, shi ma ya tura wa wani. WhatsApp na matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, kuma ƙananan abubuwa ne ke fara narkewa. Sai ka zauna kana gardama ko ɗigo ne ko kashin ƙuda. Nazarin harshe kan irin wannan hoto duba ne kawai.

Za a ce ai akwai sikana mai kyau. Akwai, kuma a yi amfani da ita, ba faɗa nake da kwamfuta ba. Tambayata ita ce: ina hotunan da ka ɗauka shekara bakwai baya? Suna cikin wayar da aka sace, ko kart memuwar da ta ce a yi mata forma. Mikrofim mai azurfa a kan poliyesta, in an wanke shi daidai an ajiye shi wuri mai sanyi marar laima, ƙa'idar masu ajiyar tarihi na ba shi shekara 500. Ba ya son kuran, ba ya son kod. Haske da gilashin ƙara girma sun isa a karanta shi. Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, ya adana negatif ɗinsa masu santimita 13 da 18, shi ya sa bayan shekaru arba'in aka iya fitar da manyan hotuna har ana ƙirga zaren leshi. Da Philippe Koudjina bai bar nasa ba, da mi za mu ga daren Yamai na shekarun 1960?

Wahala kam akwai ta, ba na ɓoyewa. Fim ɗin sai an yi odarsa daga waje, da tsada. Zafi na lalata shi, sai firigo. Ruwan wankin na son digiri 20, namu na famfo kuwa a bazara kamar na shayi, dole a nemi ƙanƙara da ma'aunin zafi. Fim irin CMS 20 yana da zafin kai: in ka wanke shi da maganin da aka saba, baƙi ya yi ƙirin, fari ya yi fat, fuskar mutum ta ɓace cikin farar riga. Shi ya sa yake da nasa magani, Adotech, mai lallashinsa ya fitar da toka-toka. Pan F kuma ba ya son a ɗauka a ajiye watanni, hoton na dusashewa kafin a wanke. Jan tawadar da malamai ke sa wa wasali ma ba za ta fito ja ba, nan dole a haɗa da hoto mai kala.

Duk wannan ana koyonsa, kuma masu koyarwar na nan da ransu. (Ku lura ma, har yau cewa muke "wanke hoto" ko da injin ne ya tofo shi ba ɗigon ruwa. Harshe ya riƙe sana'ar, mu ne muka sake ta.) A Maradi da Zinder akwai dattawan da suka yi shekaru cikin ɗakin duhu, yanzu suna zaune suna buga hoton katin ɗan ƙasa. Ba mai tambayarsu komi. Wasu akwatunan negatif ɗinsu na ƙarƙashin gado, wasu ƴaƴa sun riga sun zubar. Ƙungiyarmu na iya tara kuɗin fotokopin wanga ɗan littafi kowane zango. Tankin wanki ɗaya, ma'aunin zafi ɗaya, da ɗakin da za a toshe tagarsa da bargo ba su fi ƙarfinmu ba. Ni na sa sunana, a kawo takardar.