Rairayin da ke Cinye Tabkunan Korama



Duk wanda ya bi kwarin Korama, ta Bande da Wacha har zuwa Guchi a gundumar Dungass, ya san kukan masu lambu da masunta: tabki na cikewa. Wurin da a da ruwa kan shanye mutum, yau yaro na tsallaka shi da wando a naɗe.

Ga yadda abin ke faruwa. Ruwan farko na damina yakan tarar da tudu tsirara, an kwashe kara, an sare sabara, dabbobi sun tattake. Sai ya tsaga kwazazzabo, ya kwaso rairayi ya juye a kwari. Yashi mai nauyi ya binne bakin fadamar rake, laka mai laushi ta wuce cikin ruwa ta dagula shi. Rana ba ta ratsawa, ciyawar da ƙananan kifaye ke ci ta mutu, ramukan da karfasa ke haƙa don ƙwai su toshe. Tarwaɗa ce kaɗai mai jurewa. Da zurfi ya ragu, kachalla ta samu wurin zama, ruwan kuma ya ƙafe tun kafin bazara.

Abin mamaki, ƙasar da ke kashe tabki a nan abinci ce a teku. Hazon hunturu da ke rufe mana ido, yawancinsa daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, busasshen gindin tsohon tabki. Binciken hukumar NASA na 2015 ya ƙiyasta tan miliyan 182 na ƙurar Sahara ke fita kan tekun Atlantika duk shekara, ɗauke da sinadaran da ke ciyar da ƙananan tsirran ruwa, tushen abincin kifi. Teku na da cikin ɗauka. Tabkin Wacha ba shi da shi.

Shi ya sa yashe tabki kaɗai ba ya gamsar da ni. Kuɗi ne ake zubawa, damina biyu rairayi ya dawo. Maganin yana kan tudu, kuma manoman Magaria sun riƙe shi tun shekarun 1980, da sassaben zamani, wato barin itatuwan da suka toho a gona su girma, suka mayar da gawo cikin gonaki har duniya ta zo kallo. Sauran aiki shi ne bakin tabkunan. Magadan gari da sarakuna su zauna da masu gonakin gangare kafin ruwan bana, a shata inda garma za ta tsaya, a dasa gamba, a tare bakin kowane kwazazzabo.