Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Jama'a, ku ɗauki farar takarda irin wadda muke rubutu a kanta a ofis, wadda ake kira A4. Faɗinta santimita 21 ne, watau inci 8 da 'yan kai. To, a cikin shekarar 2016 wata al'ada ta ɓullo a ƙasar Sin. Sai budurwa ta kara wannan takarda a cikinta, ta ɗauki hoto, ta watsa ta wayar hannu. In takardar ta rufe tsakiyar jikinta duka, a yi mata tafi. In kuwa nama ya leƙo ta gefe, ta shiga uku da jin kunya.

Waɗansu sukan ce ai yarinta ce da son kwalliya, laifin 'yan matan ne. Ni ban yarda ba. Ku bi sawun kuɗin, ku ga gidan da ya shiga.

Akwai dandali biyu da 'yan matan Sin ke yini a kai: Xiaohongshu, wanda aka kafa a Shanghai a 2013, da Douyin, wanda ya fito a 2016. Akwai kuma Meitu, wanda aikinsa gyaran hoto ne: ya faranta fata, ya ƙara girman ido, ya tsuke haɓa. Yarinya 'yar shekara 14 ta dubi hoton da na'ura ta gyara, sa'an nan ta dubi madubi, ta ga ba su yi daidai ba. Daga nan sai ƙin abinci, sai rashin barci. A ƙarƙashin hoton kuwa ga tallan man shafawa, ga na masu yankan fuska suna jira. Wanda ya sa mata ciwon shi ne mai sayar da maganin.

Mutanen Sin sun taɓa ganin irin wannan. Shekaru aru-aru ana ɗaure ƙafafun yara mata da tsumma, har ƙashi ya karye, wai don ƙaramar ƙafa ita ce kyau. Aka hana a 1912, amma al'adar ba ta mutu nan da nan ba. Da ƙafa ake ɗaurewa, yau zuciya.

Hukuma ta ɗan motsa. A 2021 ta hana masu gyaran jiki yin tallan da ke sa mutum ya raina halittarsa. A shekarar kuma Douyin ya yanke wa waɗanda ba su kai 14 ba minti 40 kaɗai a yini. Madalla. Amma 'yar shekara 15 fa, wa ya tsare ta?

Kada ku ce Sin da nisa. TikTok da ke hannun 'ya'yanmu ƙanin Douyin ne, ubangidansu ɗaya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku gaya wa 'ya'yanku mata hoton nan ƙarya ne, tun kafin ɗan kasuwa ya gaya musu fuskarsu ce ƙarya. Allah ya kiyaye, amin.