Inshora: Tsoron Asara Ko Tsoron Hakkin Mutane?

A ƙasar Amurka akwai wani ɗaki mai tayu da ake ɗaura wa mota a baya, a ja shi zuwa daji ko bakin tafki, a yi kwana biyu ana hutawa da iyali. A cikinsa akwai gado da murhun gas da ɗan banɗaki, wani ma har da firji da na'urar sanyaya ɗaki. Su can tirela suke ce masa, amma kada ɗan'uwa ya kawo tirelar ɗaukar siminti a ransa. Wannan ƙarami ne, ba shi da inji, bilhasali shi ne tafi-da-gidanka na sosai. Mafi yawansu a garin Elkhart na jihar Indiana da kewayensa ake ƙera su, kuma a shekarar 2021 kaɗai masana'antun ƙasar sun fitar da irin waɗannan ɗakuna, masu inji da marasa inji, har kimanin 600,000.

Da yawa daga masu sayen ɗakin nan da bashin banki suke saye. Muddin kuwa da sauran bashi a kai, mutum ba shi da ta cewa. Banki zai tilasta masa yin cikakkiyar inshora, saboda a wajen banki ɗakin jingina ne, in ya ƙone kuɗinsa ne suka ƙone. Sai ranar da mutum ya biya dalarsa ta ƙarshe, ko kuma in tun farko ya saya kuɗi hannu, sannan tambaya take tasowa: yanzu da babu mai tsaye a kansa, ya ci gaba da biyan kamfanin inshora ne, ko kuwa ya riƙe kuɗinsa?

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada, wa ya ga irin wannan ɗaki a Tudun Wada ko Fagge? To, a yi haƙuri. Saurayin da ya karɓi Adaidaita Sahu bashi, ya shekara ɗaya da rabi yana kai balas kullum har ya zama nasa, wannan tambayar ce take jiransa. Haka wanda ya yi adashe ya sayi babur. Abin da ya sa aka ɗauko misalin can shi ne, a wajensu an rarrabe al'amarin filla-filla, har mutum ya ga cewa abin da ake kira inshora da suna ɗaya, ashe abubuwa biyu ne mabambanta.

Na farko shi ne ɓarnar da ɗakin zai yi wa wani. Ana cikin gudu a babban titi ƙugiya ta kwance, ɗakin ya tafi shi kaɗai ya yi karo da motar bayin Allah, ko kuma iska ta kaɗa shi ya make mai keke. Na biyu shi ne ɓarnar da za ta sami ɗakin kansa, kamar gobara ko sata, ko bishiya ta faɗo masa, ko ruwan ƙanƙara, wanda a jihohi irin su Texas da Colorado yakan sauko da girman ƙwai ya lotsa rufi ya fasa gilasai. A yawancin jihohin Amurka, inshorar motar da ke jan ɗakin ita ce ke ɗaukar nauyin na farko muddin yana ɗaure da ita, amma ba ta biyan ko kwabo a kan ɗakin kansa. Ke nan abin da aka bar wa mai shi ya zaɓa shi ne na biyu, wato asarar kansa.

Ra'ayin wannan shafi a kan na biyun a fili yake. Wanda zai iya jure asarar ɗakin ba tare da gidansa ya girgiza ba, ba shi da dalilin zuba wa kamfani kuɗi duk shekara.

A ɗauki misali don a gane. A ce mutum yana da tsohon ɗaki da in an kai shi kasuwa yau zai yi dala 6,000, kamfani kuma ya ce ya riƙa biyan dala 300 a shekara. A shekara goma ya ba su dala 3,000, rabin kuɗin ɗakin ke nan. Alhali kuwa ɗakin kullum tsufa yake yi, darajarsa tana sauka. Ran da abu ya faru, a mafi yawan yarjejeniyoyi ba kuɗin da ya saya za su ba shi ba, za su duba abin da ɗakin zai yi a kasuwa a ranar ne. Daga nan kuma su cire wani kaso da tun farko aka rubuta cewa shi zai ɗauka da kansa, a ce dala 500. Shi kuwa kamfani ba don Allah ya buɗe ofis ba. Yana da masana lissafi da suka zauna suka auna cewa abin da za a tara daga dubban mutane zai biya masu asara, ya biya albashin ma'aikata da kamashon dillalai, kuma riba ta ragu. In da lissafin yana faɗuwa a kansu, da tuni sun rufe sun kama wata sana'ar.

Wani abin da dillali ba ya son a tsaya a kai shi ne ƙananan rubutun da ke can ƙasan takarda. Abin da ya fi kashe irin wannan ɗaki shi ne yoyo. Rufin ya tsage kaɗan, ruwa ya riƙa shiga a hankali damina bayan damina, katako ya ruɓe, bango ya kumbura, ɓeraye su shiga su cinye wayoyin lantarki. To, irin wannan ɓarna ta sannu-sannu yawancin kamfanoni sun ware ta, sun ce sakacin mai kaya ne. Tirƙashi! Wato cutar da ta fi kama ɗakin ita ce aka cire daga cikin maganin. Mutumin da ya hau rufi sau biyu a shekara ya liƙe tsaga, ya sa wa ƙugiya kwaɗo mai kyau, ya ajiye ɗakin a ƙarƙashin rumfa, ya yi wa kansa aikin da takardar ba za ta yi masa ba. In ya ƙara da ware dala 300 ɗin nan a gefe duk shekara, ranar da babu asara kuɗinsa na nan a hannunsa.

Amma a yi adalci, ba kowa ne ke cikin wannan hali ba. A Amurkar nan da ake ta kururutawa akwai mutanen da tsadar haya ta kora daga gidaje, ɗakin nan shi ne gidansu rani da damina, har da tsofaffin da suka sayar da komai suka koma ciki. Wanda ɗakin shi ne makwancin 'ya'yansa, in guguwa ta ɗauke shi ya koma kwana a mota, lissafinsa daban ne da na mai fita shan iska sau uku a shekara. Ma'aunin dai ɗaya ne: in abin nan ya salwanta gobe da safe, mai shi zai yi baƙin ciki ne kawai, ko kuwa zai durƙushe? Mai baƙin ciki ya riƙe kuɗinsa. Wanda zai durƙushe ya nemi jama'ar da za su raba nauyin da shi. Shi ma ɗan sahun da kekensa ne abincin gidansu, da wannan ma'aunin zai auna.

A nan ne Musulmi yake da ƙarin tambayar da maƙwabcinsa ba shi da ita, wato halascin abin. Maganar ba sabuwa ba ce. Ibn Abidin, malamin Hanafiyya na birnin Dimashƙa da ya rasu a 1836, ya yi bayani a kan kuɗin da fatake ke biya don a lamunce masu kayansu a jiragen ruwa, kuma bai ga halascin karɓar wannan biya a ƙasar Musulunci ba. A 1978 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta haramta inshorar kasuwanci, sannan a Disambar 1985 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta tafi a kan haka, ta kuma halasta ta taimakekeniya. Hujjarsu ita ce garari: mutum yana biyan kuɗi sananne a kan abin da bai san zai samu ko ba zai samu ba, kuma bai san nawa ne ba. Ga kamannin caca, ga kuma kuɗin ruwa da kamfanonin ke juya dukiyar a ciki. Sai dai ba a taru an zama ɗaya ba. Shaikh Mustafa Zarƙa na Siriya ya saɓa masu, yana ganin abin da mutum ya saya shi ne aminci, kuma ya same shi tun ranar da ya biya. Manyan malaman Ja'afariyya na wannan zamani su ma sun inganta yarjejeniyar. Don haka saurayin da ya karanta ɗan littafi ɗaya kada ya miƙe a majalisa yana yanke wa mutane hukunci. Kowa ya koma ga malamin da yake bi. Abin lura kawai shi ne, wannan inshorar ta ɗakin da ba bashi a kansa, babu hukumar da ta tilasta ta, saboda haka mai bin fatawar haramci ba shi da uzurin larura a kanta.

Hanyar taimakekeniya kuwa an gwada ta, ta kuma yi aiki. A 1979 aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan ta hannun bankin Faisal, Malesiya ta yi dokar takaful a 1984, hukumar inshora ta Nijeriya kuma ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, daga baya kamfanoni irin su Noor da Jaiz suka fara aiki. Tsarin shi ne kowa ya zuba nasa a asusu ɗaya da niyyar gudummawa, wanda masifa ta faɗa wa a biya shi daga ciki, kamfani ya karɓi ladan kula da asusun, rarar da ta saura a mayar wa masu zubi. Asalinsa ana danganta shi da mutanen Ash'ar, waɗanda Manzon Allah (S) ya yaba wa saboda in guzuri ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage su raba daidai. A Amurka irin wannan kamfani yana da wuyar samu. Akwai dai kamfanonin da masu biyan ne suka mallake su, kamar State Farm da wani manomi ya kafa a jihar Illinois a 1922, amma su ma suna juya kuɗi a harkar ruwa, shi ya sa ba kowane malami ne ke ɗaukarsu daidai da takaful ba.

Yanzu a koma ga abu na farko, wanda shi ne mai nauyin, kuma shi ne abin takaici mutane suka fi wasa da shi. Asarar ɗaki tana da iyaka, ba za ta wuce kuɗin ɗakin ba. Ran ɗan Adam fa? Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ya san cewa kisan kuskure yana da diyya, raƙuma 100 ko dinari 1,000, wato wajen kilo huɗu da kwata na zinariya, ban da kaffarar azumin wata biyu a jere. Shari'a da kanta ta san mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar wannan ba, shi ya sa ta ɗora wa dangin uba, waɗanda ake kira aƙila, su biya a cikin shekara uku. To ina aƙilar Musulmin da ke zaune a Houston shi da matarsa? Ina ma aƙilar ɗan acaɓan da ya baro ƙauye ya zo birni, danginsa kowa na fama da buhun masara? Saboda haka mai ɗakin can wajibinsa ne ya tabbatar a rubuce cewa inshorar motarsa ta haɗa da abin da yake ja, ya kuma tambaya me zai faru in an kwance ɗakin an girke shi a sansani, tukunyar gas ta fashe wuta ta ci ɗakin maƙwabci, domin a wannan hali ta motar sau da yawa ba ta kaiwa nan. Ɗan ƙarin da zai biya don toshe wannan kafa ya fi masa amfani nesa ba kusa ba a kan lamunce tsohon katako da kwano.

A Nijeriya tun 1945, zamanin Turawa, aka kafa dokar da ta fara wajabta inshorar hakkin wani a kan abin hawa. A Janairun 2023 aka ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, aka kuma ɗaga abin da za a biya na ɓarnar dukiyar wani daga miliyan 1 zuwa miliyan 3, sannan a Fabrairun 2025 'yan sanda suka shelanta fara kama marasa ita. Amma me ake gani? Saurayi zai kashe kuɗi ya sa wa kekensa fitilu masu launi da lasifika da labule, in aka zo maganar takarda sai ya miƙa wa wani ɗan kamasho a ƙofar ofishin lasin abin da ya sawwaƙa, a buga masa ta bogi, don dai ya nuna wa ɗan sanda a shingen hanya. Ranar da ya karya ƙafar yarinya mai tallan gyaɗa, takardar nan ko maganin ciwon kai ba za ta saya ba. Sai a taru a ofishin 'yan sanda ana roƙon uban yarinya ya yafe don Allah, shi kuwa talaka kunya ta sa ya yafe, ya koma gida ya sayar da akuyarsa ya kai ta wajen mai ɗori. Hakkin nan yana nan a wuyan mai keke, ko da an tashi taron ana ta musabaha.

Kamfanonin inshora na Nijeriya suna da rumbun bayanai na haɗin gwiwa a intanet, inda ake sa lambar abin hawa a ga ko takardar da ke hannun mutum tana da rajista ko babu. Da wayar hannu ake dubawa, kuma bai kai minti biyu ba. Wanda ya duba bai ga lambarsa ba, ya san abin da aka sayar masa, ya kuma san fuskar wanda ya sayar masa.