BA BABUR MUKE NEMA BA: SAƘO GA MASU NEMAN KUJERAR ƘARAYE DA ROGO



Na san wannan rubutu zai sosa ran wasu a ɗaya ɓangaren, to su yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Maganata a kan 'ya'yanmu ne na Jajaye, Zoza, Beli, Yammedi da sauran mazaɓu, masu karatun injiniya a Kano Poly, Bayero da jami'ar Wudil.

Kowanensu sai ya fita koyon aiki kafin ya gama. Shirin SIWES ke nan, wanda hukumar ITF ta kafa tun 1973: wata huɗu ga ɗan kwalejin fasaha, wata shida ga ɗan jami'a. Amma alawus ɗin da aka daɗe ana biya naira 2,500 ne a wata. Don Allah wa zai zauna a Kano da wannan kuɗi? Ɗan mai hali mahaifinsa zai buga waya a ba shi gurbi a masana'anta a Sharaɗa ko Bompai. Ɗan manomin Jajaye kuwa sai ya dawo gida, ya laɓe a wani ofis yana ɗaukar fayil, a buga masa hatimi a littafi, shi ke nan wai ya koyi aiki. Wallahi wannan yaudarar kai ce.

Alhali sana'ar ƙere-ƙere ta yi nisa. Yau akwai injin yanka ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, wanda ake kira CNC. Za ka zana abin da kake so a manhaja irin SolidWorks, a mayar da zanen umarni, injin ya sassaƙe ƙarfen daidai da awon, kuskuren bai kai kaurin gashin kai ba. Sai a fitar da samfurin farko, a gwada, a gyara, sannan a buga ɗari iri ɗaya. Wannan ba a koyonsa a allo. Sai yaro ya tsaya gaban injin, ya ɗaura ƙarfe, ya lalata, ya sake.

Me ya haɗa mu da wannan? Madatsar ruwan Challawa a ƙasar Ƙaraye take tun 1992. Masu noman rani sun san ciwon injin ban ruwa ya tsaya saboda ɗan ƙarfe guda, a je har Kano a rasa, tumatir ya ƙone a gona. Haka injin casar masara, haka injin matsar rake. Da muna da yara goma da suka iya zana ƙarfen nan su fitar da shi, da kuɗinmu bai tafi Chaina ba.

To me shugabanninmu na can ɓangaren suka sa a gaba? Rabon babura da keken ɗinki, a ɗauki hoto, a watsa a Facebook. Kafin sati wasu baburan sun koma kasuwa. Ban raina kyauta ba, amma kyautar da ke ƙarewa kafin zaɓe ya zagayo dabara ce ta a sake dawowa roƙo.

Za su ce ai babu wutar lantarki a ƙauyukanmu. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a kawo injin Jajaye gobe ba. Cewa na yi a kai yaran inda injinan suke. Hukumar NASENI tana da cibiyar HEDI a Kano, ga masana'antun Challawa da Sharaɗa, ga Kaduna kusa da mu. Wasiƙa daga ofishin ɗan majalisa tana buɗe ƙofar da ɗan talaka zai shekara yana ƙwanƙwasawa.

Za su ce ba aikin ɗan majalisa ba ne. To rabon babur aikinsa ne? Kuɗin ayyukan mazaɓu da ake sayen baburan da shi, shi muke so a karkato.

Ga buƙatarmu a fili. Ƙaraye da Rogo mazaɓu 20 ne. A ɗauki ɗalibai biyu daga kowace mazaɓa, 40 ke nan a shekara, mata da maza. A samo musu gurbi a wurin da ke da injin gaske, a biya musu masauki, abinci da kuɗin mota. A zaɓe su da sakamakon jarrabawa, ba da takardar shugaban jam'iyya na mazaɓa ba. A manna sunayensu kowa ya gani. Wanda ya dawo kuma ya nuna wa jama'a abin da ya ƙera.

Duk mai neman tikiti a zaɓen fidda gwani ya sa hannu a kan wannan a gaban deliget. Wanda ya ƙi, mu ma mun ƙi shi, ko da kuwa a gidanmu ya taso. Masu cewa muna tona asirin jam'iyya su sani, ranar zaɓe iyayen yaran nan ne za su tsaya a layi.

Allah ya yi mana jagora, ya ba mu shugabanni masu kishin 'ya'yan talakawa. Amin.