Ko yaƙi yana da iyaka: magana ga mutanen Dakoro



Kwanakin nan akwai wata magana da ke yawan dawowa bakin masu kiranmu a radiyo da cikin saƙonnin murya na WhatsApp: wai yaƙi ake, yaƙi kuwa ba shi da doka. Da an ji labarin an kore garke, ko an ɗauki mutum ana neman kuɗin fansa, sai ka ji ana cewa a ba samari bindiga su shiga daji, duk wanda anka tarar a ruga a gama da shi. Mun san zafin da ke sa mutum faɗin haka. Wanda anka kore ma shanun da ya yi shekara 20 yana tarawa, ba ka ce mashi ya yi sanyi. Amma maganar ba daidai ba ce, kuma in munka bari ta zauna cikin zukata, mu za ta ci.

A idon doka, ba kowane harbe-harbe ake kira yaƙi ba. Sai an samu ƙungiya mai tsari, mai shugabanni da ke ba da oda ana bi, kuma faɗan ya yi tsanani ya daɗe. Gungun da ke satar dabbobi da mutane don kuɗi kawai, masu laifi ne da sunka haɗa kai. Aikinsu na jandarma ne, da 'yan sanda, da alƙali. A kama, a bincika, a kai gaban shari'a. Bindiga tana magana ne in rai na cikin haɗari.

To in abin ya kai matsayin yaƙi fa? Nan ma akwai doka. Yarjeniyoyin Janeba na 1949, waɗanda Nijar ta amince da su, suna da aya ta 3 da ta shafi faɗan cikin gida. Ta hana kashe wanda ba ya cikin faɗa, ta hana azabtarwa, ta hana garkuwa da mutane, ta hana zartar da hukunci ba tare da shari'a ba. Ta ce wanda ya ji rauni a ɗauke shi a yi mashi magani, ko daga wane ɓangare yake. Ƙarin da anka yi a 1977 ya kare ma'aikatan lahiya, ya kuma hana lalata abin da talaka ke rayuwa da shi don a sa shi yunwa: rijiya, rumbu, gona, dabbobi. Kenan ko ta wace ƙofa munka shiga, babu inda anka ce a kashe mutum don yarenshi ko rawaninshi.

Wani zai ce ai dokar Nasara ce. Mu tambayi malamanmu abin da Sayyadina Abubakar ya hori rundunar Musulmi da shi lokacin da za ta tahi Sham. Ya hana kashe mata da yara da tsofaffi, ya hana sare itacen da ke ba da 'ya'ya, ya hana yanka dabba sai don ci. Wannan tun ƙarni na 7 ne, Janeba ba ta ma yi mafarkin rubuta nata ba.

Mu a Dakoro mun ɗanɗani abin da ke faruwa in an taka wannan iyaka. Daren 14 ga Oktoba 2012, 'yan bindiga sunka shigo cikin garin nan sunka tahi da mutum 6 masu aikin agaji, 5 'yan Nijar da ɗan Chadi guda, akasarinsu masu aiki da ƙungiyar Befen da ke kula da yara masu tamowa. Ɗan Chadin ya rasu sakamakon harbin da anka yi mashi, sauran anka sako su farkon Nuwamba. Mutanen da ke ceton yaranmu anka taɓa. Ranar nan babu wanda ya ce yaƙi ba shi da doka, kowa cewa ya yi wannan zalunci ne. To ma'aunin da munka auna a 2012, shi za mu riƙe yau.

Mu dubi kudu. A Zamfara abin ya faro da satar shanu da rikicin gona da burtali. Da 'yan sa-kai sunka fara kama Fulani a kasuwa suna kashewa ba bincike, sai waɗanda anka kashe ma dangi sunka shiga daji, ɓarayi sunka samu ƙarin hannu kyauta. Sakamakon ya iso har ƙofarmu: a 2019, cikin 'yan makonni, mutum kusan 20,000 sunka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, galibi wajen Gidan Runji. Daga baya anka zaunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Har yau mutanen Madarunfa da Gabi ba su barci da ido biyu.

Kuma kada mu ce mu ba mu iya irin wannan. A Oktoba 1991, a Toda, cikin jihar nan tamu, rikicin manoma da makiyaya ya ci ran mutum sama da 100, mafi yawansu mata da yaran Fulani. Babu ɗan ta'adda ko ɗaya daga waje a wannan rana. Maƙwabta ne da fushi.

Akwai tambayar da masu saurare ke yi mana, kuma tana da nauyi: su ɓarayin ba su san doka ba, don me mu za mu ɗaure hannunmu? Amsa ita ce, laifin ɓarawo ba ya halatta jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Sannan makiyayin da ke Kwarin Tarka ko wajen Gadabeji shi ne na farko da ake kore ma dabba, shi ne kuma ya san wace baƙuwar moto ta ratsa daji da dare. In ka mai da shi abokin gaba, ka rufe idon da kake gani da shi.

Abin da ke hannunmu ba kaɗan ba ne. Dabbar sata ba ta cin kanta, kasuwa ake kai ta. Dillalai da mahauta na Dakoro, Sakabal da Kornaka, in an kawo maku saniya da rabin kuɗinta, ku tambayi mai ita da inda ta fito. Mai sayar da esansi da buhun shinkafa ga baƙon da ba ya son a ga fuskarshi, ya san abin da yake yi. In an ga abin shakka, a gaya ma maigari da jandarma, a bar yanke hukunci a dandali. Rikicin gona da burtali a kai shi gaban sarakuna da kwamitin COFO tun yana ƙarami. Mu ma masu riƙe da makirfo, mu daina laƙa sunan ƙabila ga mai laifi, ɓarawo sunanshi ɓarawo.

Ga magabata kuma, muna jinjina ma jami'an tsaro da ke kwana daji don mu kwana gida. Roƙonmu shi ne wanda anka kama a kai shi gaban alƙali, danginshi su san inda yake. Ranar da talaka ya ga shari'a na aiki, ba zai nemi bindigar kanshi ba.

Ku faɗi ra'ayinku a ƙasa, amma ban da zagi, ban da ambaton ƙabila. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya zaunar da Dakoro da Nijar lahiya.